Dare da abinci da motsa jiki a karkarar Jigawa da Kano: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ne dai ake ta maimaita mana, daga malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da aka turo daga Dutse, da yaran da suka tashi a Kano aka kawo su hutu wajen kaka, sai kuma samarin nan masu yawo da waya suna ɗaukar abinci suna sawa a TikTok. Ni mutumin hanyar Ringim zuwa Gujungu ne, abin da na fi sani shi zan faɗa, in ka je Rano ko Kazaure ka tarar da wani abu daban kar ka ce na yi maka ƙarya.

Wai da gaske ne da an sallame isha'i shi ke nan gari ya mutu?

Ya danganta da ranar da ka zo da kuma lokacin shekara. Mu nan ba agogo ke tafiyar da darenmu ba, kasuwa ce da damina da farin wata. Gujungu ran Lahadi take ci, to ka zo daren Asabar ka ga yadda bakin titi ke cika, motocin dabbobi da na hatsi suna ta sauka, direbobi da 'yan kamasho da fatake duk sai sun ci sun sha, mai shayi ba ya naɗe tabarma sai dare ya raba. Haka Maigatari take daren Laraba saboda kasuwar Alhamis, haka Wudil daren Alhamis saboda ta Juma'a. Amma ka zo garin nan dai ran Talata a tsakiyar damina, mutum ya wuni sunkuye yana noman gero, me zai zauna yi a waje? Ƙarfe tara ta yi ba ka jin komai sai kwaɗi da sauro.

Da kaka kuwa labari ya canja. An yi girbi, an kai riɗi da zoɓo kasuwa, aljihu ya ɗan yi nauyi, ga bukukuwa a jere don yawancin aure sai an kawar da amfanin gona ake sa rana. Lokacin zafi kuma, Maris zuwa Mayu, ɗaki ba ya shiguwa, dole kowa ya fito da tabarma ƙofar gida, hira ta kai sha biyu ba don ana so ba.

Kuma 'yan birni ku daina yi mana gori, a 2022 ai gwamnatin Kano da kanta ta hana adaidaita sahu zirga-zirga daga 10 na dare zuwa 6 na safe.

Ni baƙo ne, ina zan je in zauna da daddare?

Teburin mai shayi. Nan ne kaɗai wurin da baƙo zai zauna ba tare da an kawo shi ba, ka yi sallama ka samu gefen benci ka ce a haɗa maka, kafin ka shanye an san daga ina kake da abin da ya kawo ka. Majalisa kuwa daban ce, kowace da 'yan cikinta, ta dattawa tana ƙofar gidan mai gari ko gindin darbejiyar masallaci, ta samari tana shagon caji ko wajen mai wankin babur. Ba a hana ka zama amma gara wani ɗan ciki ya ja ka. In ta dattawa ce ka cire takalmi, ka rusuna ka ce barkanku da hutawa Baba, kar ka miƙa hannu sai an miƙo maka, kuma kar daren farko ka tsoma baki a zancen siyasa ko rikicin gona, ba ka san wa ke ɗan'uwan wa ba.

Me zan ce wa mai shayi?

In kana son madara da Bournvita ko Milo sosai ka ce a yi maka mai kauri. In ba ka son madara sam ka ce ruwan bunu. Ruwan da ke cikin tukunyar tasa yawanci ya riga ya sha citta da kanumfari, wani har da na'a-na'a, sai ya zuba a kofi ya ɗaga hannu sama yana sheƙawa daga wannan kofin zuwa wancan har ya yi kumfa ya huce daidai sha. Ka faɗi sukarin da kake so tun kafin ya ɗebo, in ka yi shiru cokali huɗu ko biyar zai danna maka yana ganin karamci ya yi. Burodi ana yanka maka gwargwadon kuɗinka, ƙwai a soya da albasa da attaruhu, Indomie kuma yanzu ta zama dole a kowane tebur. Akwai kuma masu dafa shayin Buzaye a 'yar ƙaramar buta a kan gawayi, wannan a majalisa ake yin sa ba a tebur ba, zagaye uku ake sha, na farkon in ba ka saba ba ranar ba ka barci.

Littafin bashin da ka ga yana buɗewa na 'yan gari ne, kai ka biya naka.

Ta yaya zan gane tsire mai kyau?

Ka fara da tambayar yaushe aka yi yanka. A ƙananan garuruwa ba kullum ake yanka saniya ba, ranar kasuwa ce ko Juma'a, don haka tsiren ranar kasuwa da yamma shi ne tsire, na kwana biyu bayanta sau da yawa kwantai ne aka sake shafa wa mai aka mayar bakin wuta. Mahauci na kirki bayan azahar za ka gan shi yana fere tsoka siri-siri, yana tsirewa a tsinke, yana birkitawa a garin ƙuli-ƙulin da aka haɗa da citta da masoro da gishiri da ɗan magi, bayan la'asar ya kakkafa tsinkayen a tukuba kewaye da wuta. Wutar ba ta taɓa naman, zafinta ne ke gasa shi a hankali, shi kuma yana juyawa yana yarfa man gyaɗa. Wanda ya gasu yau za ka ga ƙulin ya kama jikinsa ya yi ja-ja yana naso, in ka ja tsoka tana rabuwa ba gardama. Kwantai kuwa gefensa ya yi baƙi ya ƙandare, ciki kuma sanyi, wani lokacin har da ɗan tsami-tsami da yaji ba ya iya ɓoyewa.

Ɗanɗano hakkinka ne, zai yanko maka ɗan guntu ya miƙo a bakin wuƙa, amma fa ka sani mafi kyawun wurin yake yankowa. Ka nuna tsinken da kake so da hannunka, ka ce a mayar da shi wuta ya ɗau zafi a gabanka. In da gurasa ka ce a yayyafa mata ruwa a barbaɗa ƙuli da mai da albasa a ɗora naman a kai. Gurasa ta Kanawa ce, wannan ba ma musu, garuruwan da ke kusa da birni sun fi samun mai taushi.

Balangu shi ba ƙuli, a kan waya ake gasa shi, na rago ko na akuya ya fi, ka ce a haɗa maka da kitse kaɗan da hanta in kana so, wasu su zuba maka romo a takarda. Kilishi kuma ba abin dare ba ne, na tsaraba ne, kuma na rani ya fi don rana ce ke busar da shi, da damina sai a hankali.

Ban da nama fa? Ban ga gidan abinci ko ɗaya ba.

Ba za ka gani ba don ba allo ake kafawa ba. Abincin sayarwa a cikin gidaje ake dafa shi, matan aure ke yi, yara su fito da shi ko kuma ka aika yaro da kwano. Sai ka tambaya, gidan wa ake ɗanwake, gidan wa ake waina, kowa ya sani. Da safe koko da ƙosai da waina da miyar taushe, da hantsi ɗanwake da mai da yaji, wanda aka yi da garin rogo da wake da kuka da 'yar kanwa ba na fulawa zalla ba. Da rana garau-garau ko dambu ko taliyar murji, ga kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli wanda ni a wajena ya fi abinci da yawa da ake sayarwa da tsada a birni. Da yamma 'yan mata su kafa kaskon awara a bakin hanya. Tuwon dare kuwa ba a saye, in kana da maƙwabci to kana da tuwo, za a aiko maka da na dawa ko na gero da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, kuma mayar da kwano ba a taɓa ba abin kunya ne, ko loma biyu ka yi.

Fura wajen Fulani ranar kasuwa, ka ce Inna a dama min, ka tsaya a dama a gabanka. Kifi in kana so na gaske ka nufi Haɗeja, kasuwar kifinta sananniya ce, tarwaɗa da karfasa ɗanye da banda duk akwai, daga fadamun kogin ake kawowa. Da hunturu ga rake ga dankalin Hausa ga soyayyar fara da yaji, da kaka ga gyaɗa dafaffiya da kantun riɗi. In ka bi ta Dutse ka nemi dabinon garin. Kowane abu da lokacinsa, wanda ya zo a watan Yuli yana neman fara sai dai a yi masa dariya.

Cikina zai ɗauka kuwa?

Abin da aka sauke daga wuta yanzu ba ya cika ba da matsala. Ruwa ne abin tsoro, musamman da damina in ambaliya ta shiga rijiyoyi, yankin Haɗeja da Auyo da Ringim sun sha fama da wannan, a irin lokacin ne amai da gudawa ke ɓarkewa. Ka sha na burtsatse ko ka tafasa, zoɓo da kunun aya na ƙulli kuma ka san gidan da aka yi. In gudawa ta kama ka, lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ka riƙa kurɓa kana kan hanyar asibiti, kar ka tsaya jiran gari ya waye in abin ya yi yawa.

Ina ake kallon ƙwallo?

Gidan kallo, kuma kusan duk garin da ya kai gari yana da ɗaya, rumfar kwano ko zana da benci da talabijin biyu ko uku da allo a waje an rubuta wasannin yau da alli. Ana biya a ƙofa, wasa ɗaya kuɗi ɗaya, babban wasa kamar Madrid da Barcelona kuɗin ya ɗan hau kuma in ba ka zo da wuri ba a tsaye za ka kalla. Wasannin zakarun Turai da hunturu ƙarfe 9 na dare ake take su, in Turawa sun canja agogonsu a ƙarshen Maris sai su dawo 8, wato daidai an fito isha'i kowa na sauri. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janareto ya zama abin lissafi, masu hali sun koma sola da batir, marasa hali kuma sai ka ga an kashe inji a hutun rabin lokaci ana zaune a duhu ana musu.

Musun ma shi ne rabin abin da ake biya. Yaron da bai taɓa wuce Gezawa ba zai lissafo maka 'yan wasan Arsenal har na benci. In an zo kan na gida kuma yawanci Kano Pillars ake yi, Sai Masu Gida, ana tuna kofunan 2008 da 2012 da 2013 da 2014, mu 'yan Jigawa muna da Golden Stars amma gaskiya ba ta da magoya baya kamar waccan ko a cikin jihar.

Akwai wurin rawa ko inda ake shan giya?

Babu, kuma kar ka yi ta tambaya. Kano da Jigawa duk sun ƙaddamar da shari'a tun 2000, akwai Hisba, kafin ma Hisba ta ji mai unguwa ya ji. Kiɗa a biki ake yi, da can kalangu da gangi, yanzu DJ da manyan sifiku, shi ma garuruwa da yawa dattawa sun sa masa lokacin tashi ko sun hana gaba ɗaya saboda faɗan samari. Wani abin dariya, a birni har wata rana suka ware a biki wai ranar ƙauyawa, a sa tsumma a shafa baƙi a fuska a ce mu ake kwaikwayo, hukumar tace finafinai ta Kano ta hana shi a 2025. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya je biki a haka a garinmu ba.

Abin da ke damunmu ba giya ba ce, ƙwaya ce da sholisho da wiwi. An hana maganin tari mai kodin a 2018 amma ƙwayoyi ba su ɓace ba, wasu yaran da sunan ƙarfin noma suke farawa. In ka ga 'yar majalisa can bayan makarantar firamare a duhu ba fitila, ba taka ba ce.

Mata fa, su ba su da dare?

Suna da shi, a cikin gida yake. Bayan isha'i matan aure kan shiga maƙwabta hira ko barka ko dubiya, don da rana ba kowacce ke fita ba, wasu garuruwan kuma akwai islamiyyar dare ta matan aure. 'Yan mata da farin wata har yanzu a ƙananan ƙauyuka suna fita dandali yin gaɗa, amma ta ragu sosai, waya da finafinan da ake turawa a memori sun cinye ta, tatsuniya ma haka. Zance kuma a ƙofar gida ko zaure ake yi da sanin iyaye, ƙanin yarinya yana kai-komo.

Ke baƙuwa ma'aikaciya, ba wanda zai hana ki sayen tsire, amma zama a bencin mai shayi ba a saba gani ba, ki aiki yaro ya fi miki sauƙi. Ki shiga gidan da kike haya ki gaida matan, ki ce Yaya ko Inna gwargwadon shekaru, cikin sati za ki rasa inda za ki sa abinci.

Akwai gidan motsa jiki?

Irin mai injina da madubi sai Dutse ko Kano, a Hotoro ma akwai wanda ɗan ƙwallon nan Ahmed Musa ya gina. A nan abin da za ka samu samari sun zuba siminti a gwangwanayen fenti biyu sun soka ƙarfe a tsakiya, ko sun samo tsohon gindin mota wajen makanike, suna ɗagawa a kango da yamma. Yana aiki kuwa, ka ga ƙirjinsu.

Amma bari in faɗi wani abu da ba a son ji. Ana cewa mutumin ƙauye ba ya buƙatar motsa jiki don noma ya ishe shi. Da damina haka ne, wanda ya yi huɗa da shanu ko ya wuni da fartanya ba abin da za ka koya masa, haka matar da ta yi surfe ta yi daka ta ja guga. To amma damina wata huɗu ce. Kuma ba kowa ke noma da hannunsa ba yanzu, mai shago da mai POS da tela da malamin makaranta zaune suke wuni, masallacin da ke bayan gida ma a babur ake zuwa, injin niƙa ya karɓe daka, ga shayi mai sukari biyar safe da dare ga magi a komai. Shi ya sa hawan jini da ciwon suga suka shigo mana, mutum yana yawo bai sani ba sai ya faɗi a ce iska ce ta buge shi. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba ya samu aƙalla minti 150 a sati na motsi mai ɗan sa haki, wato kamar rabin awa sau biyar, gishiri kuma kar ya kai giram 5 a rana. Tafiya da sauri zuwa gona da dawowa ta biya wannan, keke ma haka. Wanda ya haura arba'in ya riƙa tsayawa a asibitin gari ana gwada masa jini ko ba ya jin komai.

In na fita gudu da safe ba za a ce na haukace ba?

Za a kalle ka kwana biyu, yara su bi ka, wani dattijo ya tsayar da kai ya ce lafiya dai ɗan nan, wa ya biyo ka? Daga nan an saba. Ka fita bayan asuba kafin rana ta ɗaga, ka sa dogon wando, ka bi hanyar burji ko gefen filin makaranta, kar ka ratsa gonar mutane in da shuka, kuma ka yi nesa da rugar Fulani saboda karnuka. Da hunturu ƙura tana da yawa, mai asma ya jira ta lafa. Watan Afrilu kuwa zafi kan wuce 40, gudun yamma ba naka ba ne.

Ina zan ga dambe?

Da kaka, bayan an shigar da amfani. Asalinsa wasan mahauta ne, su ke yawo gari-gari bayan girbi, yanzu kowa na shiga. In 'yan dambe sun sauka a gari ba sai an gaya maka ba, kalangu za ka ji tun la'asar, a kewaye fili da zana ko buhu a sa mai karɓar kuɗi a ƙofa.

Ga yadda za ka fahimci abin da kake kallo. Hannu ɗaya ake naɗewa da ƙyalle a ɗaure tam da zare, shi ne na duka, ɗayan a buɗe yake a miƙe gaba ana kare kai ana auna abokin karawa da shi. Kafin a sa zare makaɗi zai kama taken ɗan dambe, shi kuma ya fito tsakiyar fili jikinsa na tsuma ya ɗaga hannu ya yi kirari, ya faɗi wanda ya kashe da inda ya kashe shi, masoya su fito su yi masa kari. Ana yin turmi uku, in hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, in ba wanda ya faɗi a ce turmi uku ba kisa a raba su. Sau da yawa minti biyu za su yi suna zagaya juna a tsugune ba wanda ya kai hannu, baƙo ya fara ƙosawa, sai ka ji tim, kafin ka ɗago an gama. Akwai ɓangarori, Kudu da Arewa da Guramaɗa, ba a haɗa 'yan ɓangare ɗaya, sunaye kuma za ka ji Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, wato yaron gidan wane ne ko a hannunsa ya koya. Yara ƙanana ake fara sakawa, manyan sai rana ta kusa faɗuwa.

Wanda bai samu na ƙauye ba ya je gidan damben Ado Bayero Square a Sabon Garin Kano. Kokawa kuwa ta fi ƙarfi can wajen Gumel da Maigatari da ke maƙwabtaka da Nijar, ƙasar da ake gasar kokawa ta cin takobi duk shekara, mutanen iyaka a rediyo da waya suke bin ta kamar tasu.

Ka je kallo dai, kar wani ya zuga ka ka ɗaura zare don kana ɗaga siminti.

Ƙwallon yamma fa, zan iya shiga?

Filin firamare bayan la'asar, ka zo da takalminka ka ce a sa ka. Fili yashi ne da ƙaya, alƙali kuma duk wanda ya fi murya. Da an kira magariba an tashi ko ana cikin bugun fanareti.

Da azumi yaya dare yake?

Shi ne daren da ya fi kowane rai a shekara. Bayan asham kasuwar dare ta buɗe, ƙosai da kunun tsamiya da kankana da ƙanƙarar da aka ɗauko a buhun ƙaiƙayi daga garin da ke da wuta. Daga goma ga wata yara su fara tashe gida-gida ana ba su hatsi ko 'yan canji, goman ƙarshe kuma tahajjud, teloli ba sa barci mai shayi ma ba ya barci, har mai ganga ko mai gwangwani ya fito tashin sahur. 'Yan ƙwallo su kan mayar da wasansu bayan la'asar sosai ko su ajiye sai bayan salla.

Ina so in ɗauki bidiyon abinci da wuraren hira in sa a shafina, akwai matsala?

Ba matsala in ka nemi izini, kuma ka nema kafin ka ɗaga waya ba bayan ka gama ba. Mai tsire da mai shayi yawanci suna so, talla ce, wani ma zai gyara hula ya ce ka ambaci sunan garin da kyau. Amma ka sayi abin da ka ɗauka, kar ka sa mutum ya yanka tsinke biyar ya jera maka ka ci ɗanɗano ka tafi. 'Yan mata masu awara da yara masu talla kar ka ɗauki fuskarsu, bidiyo ɗaya in ya zagaya aka yi ta sharhin banza a ƙasa yana iya jawo wa yarinya magana a gida har a wajen wanda zai aure ta, kai kana can birni ba ka ma sani ba. Cikin gida kuwa namiji ba ya shiga, in girkin matan kake so ka turo mace, ita ma da yardar mai gidan. Dambe a tambayi sarkin fili. In za ka ɗauki kasuwa ko wani abu mai yawa ka fara zuwa wajen mai gari ko sarkin kasuwa ka ce ranka ya daɗe ga abin da ya kawo ni, zai haɗa ka da yaro, aikinka ma ya fi sauri.

Abin da ke ba mu haushi shi ne wanda zai zo ran da ba kasuwa, da tsakar rana, ya ɗauki rumfuna ba kowa da akuya a kwance, ya sa waƙar tausayi ya rubuta wai ku ga yadda ake rayuwa a ƙauye. An taɓa yi mana haka, wani ya ɗauki kwanon ɗanwake yana toshe hanci yana dariya, matar da ta dafa da kuɗin take sayen littafin 'ya'yanta. In abu bai yi maka daɗi ba ka faɗa, ba a ce ka yi ƙarya ba, amma ka faɗi farashi daidai, ka faɗi ranar da ake samu da lokacin, ka ambaci garin da sunansa kar ka ce wani ƙauye a Jigawa, jihar nan ƙananan hukumomi 27 gare ta.

Zan iya komawa Kano ko Dutse a daren?

In ba dole ba ka kwana. Motocin haya suna ƙarewa tun magariba in ba ranar kasuwa ba, hanya ba fitila, ga amalanken shanu da ba su da ko ƙyalli a baya, ga manyan motoci. Kuma in Allah ya sa ka tarar da tankar mai ta faɗi kar ka tsaya ko kallo, mu nan ba mu manta abin da ya faru a garin Majiya na nan Jigawa ba, a Oktoban 2024 cikin dare mutum sama da 150 suka rasu a wajen kwasar fetur. A cikin gari kuma bayan sha biyu 'yan sintiri na iya tsayar da kai, ka tsaya ka faɗi gidan da ka sauka, su raka ka ma. Ka riƙe tocila saboda kunama da maciji lokacin zafi da farkon damina.

Ana karɓar tiransifa?

Mai shayi da mai tsire na bakin titi da yawa suna karɓa yanzu, amma sabis na iya ɗaukewa ka tsaya kana ɗaga waya sama nama na hucewa. Masu abincin cikin gida da Fulani masu nono tsabar kuɗi suke so, kuma canji wahala yake. Ka ciri kuɗinka wajen mai POS tun da rana, ka roƙe shi ya haɗa maka da ƙananan takardu, ranar kasuwa kafin la'asar kuɗin hannunsa sun ƙare.